Rasuwar Sannu-Sannu, Babur ɗin Malam Ubaidullahi na Maska

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da har yanzu ba su saɓe ba, iyalan Malam Ubaidullahi Maiwada na garin Maska suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsu, wanda aka fi sani da Sannu-Sannu. Ya cika da hantsin ranar Talata a gefen hanyar Maska zuwa Funtua, bayan gajeriyar jinyar da kowa ya gani amma babu wanda ya yarda ya ambata. Ya rasu a bakin aiki, maigidansa yana kansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a san ainihin shekarun marigayin ba. Na hannu aka saye shi a Funtua, inda dillali ya rantse cewa mai shi na farko wani dattijo ne da ba ya hawansa sai ranar Juma'a, daga gida zuwa masallaci. Da Talha bakanike ya buɗe injin ya leƙa, sai ya goge hannu ya ce, "Malam, wannan dattijon a Legas masallacinsa yake." Duk da haka Malam Ubaidullahi ya karɓe shi da hannu biyu, ya raɗa masa suna saboda tafiyarsa, yana mai dogaro da maganar mutanen da, cewa sannu-sannu ba ta hana zuwa. Shekaru da dama maganar ba ta ba shi kunya ba.

Ga waɗanda ba su san maigidan marigayin ba, Malam Ubaidullahi ma'aikaci ne, ko a ce ya kasance ma'aikaci, a wani kamfani da ke sayen masara da waken suya da auduga daga hannun manoma a Funtua. Shi ke kula da rumbun bayanan kamfanin, wato inda ake adana sunan kowane manomi da gonarsa da abin da ya kawo, duk a cikin kwamfuta. Shi ya gina rumbun tun daga tushe bayan ya gama jami'a a Zariya, shi ke rubuta umarnin da ke zaƙulo abin da ake nema a cikinsa. A Maska dai an taƙaita duk wannan da cewa yana aikin kwamfuta, shi ya sa ake kawo masa wayar da ta faɗa rijiya. Bai koma Funtua da zama ba saboda tsohuwarsa ta ce sai dai a fitar da gawarta daga Maska. Wannan tazarar da ke tsakanin uwa da ofis, marigayin ne ya ɗauke ta a bayansa, safe da yamma.

Duk wanda ke unguwar ya san muryarsa. Bugu na farko yakan ce "kuf", ya yi shiru kamar mai nazari. Bugu na biyu ya ce "kuf-kuf". Sai maigidan ya yi bisimilla da ƙarfi sannan ya saki "tarrrr", kaji su watse. Ba sa kama hanya da wuri. Ƙa'idarsu ita ce su tsaya wajen mai shayi har sai wani ya iso daga wajen Funtua ya ce hanya lafiya, domin zamani ya koya wa mutanen yankin cewa daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Da yamma kuwa, kome yawan aiki, kafin rana ta yi ja suna kan hanya.

Marigayin mai kyauta ne. Bai taɓa shiga Funtua da mutum ɗaya ba. Ya ɗauki tsofaffi masu zuwa asibiti, da masu kai kaji kasuwa, da buhunan taki, da wani bawan Allah da ya ce a sauke shi nan gaba kaɗan, kuma nan gaba kaɗan ɗin ta zama tashar Malumfashi. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai tari idan an zo hawa tudu.

A shekararsa ta ƙarshe ne marigayin ya shiga harkar ilimi. Wasu masu kuɗi daga Abuja sun sayi kaso a kamfanin, suka kafa sharaɗin cewa duk mai taɓa rumbun bayanai sai ya nuna satifiket na ƙwarewa kafin ƙarshen kaka, in ba haka ba ya ba mai shi wuri. Manaja, Hajiya Ummukulsum, ta kira shi ofis ta ce, "Malam Ubaidu, ni na san ka, su kuwa takarda suka sani. Ka je ka samo musu takardarsu mu huta." Sai ya yi rajistar kwas ta intanet, yana da furfura a gemu.

A Maska sabis na zuwa ne kamar baƙon da ke sauri. Amma akwai wani tudu a kan hanya, kusa da wata tsohuwar ɗorawa, inda waya ke kamawa sosai. Nan ya zama makaranta. Kowace safiya Sannu-Sannu yakan tsaya a gindin ɗorawar, a kafa shi a kan ƙafarsa, a ɗora kwamfuta a kan tankinsa. Shi ne teburi, shi ne benci. Wani malami daga wata ƙasa mai nisa yana magana ta hanci, Malam Ubaidullahi yana gyaɗa kai, masu wucewa gona suna cewa, "Malam, ya lalace ne?" yana amsawa, "A'a, karatu muke." Sauran hanyar kuma da abin saurare a kunne yake yin ta, yana maimaita darasi, babur yana kaucewa ramukan da ya haddace da kansa.

Darussa biyu ne suka fi zama a kan Malam Ubaidullahi, kuma a gwajin share fage bai taɓa faɗuwa a kansu ba. Na farko, kada ka dogara da abu ɗaya tak, duk abin da aikinka ya rataya a kansa ka tanadar masa madadi. Na biyu, kada ka ba kowa izinin taɓa abin da bai zama dole ya taɓa ba, ko da shugabanka ne. A ofis ya aiwatar da su har ana ce masa mai taurin kai. Ya taɓa hana Hajiya Ummukulsum kanta shiga wani sashe na rumbun, ta yi fushi, ya tsaya a kan bakansa. Iyalan suna ambaton wannan ne don a san cewa ba jahilci ne ya kashe marigayin ba.

Jinyar ta fara ne ranar Litinin. An sa jarrabawa Talata da hantsi a wata cibiya cikin Funtua, ba a sake wata sai baɗi. Malam Ubaidullahi ya ɗauki hutun yini don ya yi bita, saboda haka, karo na farko a ranar aiki, Sannu-Sannu ya zauna a zaure. Da rana ta ɗaga sai ga sallamar Alhaji Haladu, mahaifin matarsa Adawiyya, wanda masararsa ke zube a gona tana jiran mai kwasa.

Ya kamata a yi wa Alhaji adalci, bai roƙi komai ba. Surukin kirki ba ya roƙo. Malam Ubaidullahi ya fito ya tuɓe takalmi ya durƙusa, aka gaisa, kowa yana kallon ƙasa. Sai Alhaji ya ɗan juya ya dubi zauren ya ce, "Ashe yau yana gida."

"Yana gida, Baba."

"Madalla. Hutu ai yana da daɗi."

A nan Malam Ubaidullahi ya tuna darasi na biyu daga farko har ƙarshe. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya ce, "Ai naka ne, Baba."

Abin da ya faru a gona sai daga baya aka ji shi a bakin masu roro. An ɗora wa marigayin buhunan da ko amalanke sai ta yi shawara. Ya yi ta sawu yana tsallaka rafi. A wani sawun cikinsa ya daki dutse, injin ya tsage daga ƙasa, baƙin mai ya fara ɗiga. Alhaji Haladu, mutumin da bai taɓa rasa dabara ba, ya sa aka samo sabulun wanki aka liƙe wurin.

Bayan la'asar aka dawo da shi, a kashe, ana turowa. Alhaji ya jingine shi a zaure da kansa ya ce, "Allah ya yi albarka," ya tafi da ɗan sauri. Malam Ubaidullahi ya buɗe tanki ya gan shi cike fal har baki. Tunda yake bai taɓa jin Alhaji ya cika wa wani tanki ba. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya ga sabulu.

Adawiyya ta ce, "Ka bi shi ka tambaye shi me ya faru mana."

"Da wane bakin?"

"To ka tafi Funtua yanzu ka kwana wajen abokinka. Ko ka nemi aron na maƙwabta."

"In tafi a me? Dattawa na zaune a dakali, a gabansu ya shigo da shi. In na fita neman aro yanzu, kafin magariba duk Maska ta san Baba ya lalata min babur. Ke ki je ki tambaye shi."

"Ni? Mutumin da ko sunana bai taɓa faɗa ba?" Ita ce 'yar fari.

Haka aka bar maganar. Alhaji ya ji kunyar faɗa, surukinsa ya ji kunyar tambaya, 'yarsa ta ji kunyar shiga tsakani. Aka rufe zaure, baƙin mai ya ci gaba da ɗiga a hankali, cikin mutunci.

Ranar Talata marigayin ya tashi a bugu ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Masu jinya sun san irin wannan sauƙin. Ya wuce mai shayi, ya hau tudun ɗorawa bai yi tari ba, ya gangara cikin gonakin dawa inda ba gida gaba ba gida baya. A nan ya ce "ƙaf-ƙaf-ƙaf". Sai ya ce "ƙiii", doguwa, siririya. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Malam Ubaidullahi ya buga har ƙafarsa ta gaji. Ya ciro waya, ba sabis, tudun ya yi nisa a baya. Ya tsaya bakin hanya yana ɗaga hannu. Babura sun wuce, motoci sun wuce, kowa ya gan shi sai ya ƙara wuta. Bai zargi kowa ba. A wannan wurin, mutum da jaka a baya, dawa ta fi tsayinsa a bayansa, yana ɗaga hannu, shi ma ya sha ganin irinsa ya wuce yana addu'a. Ya tura gawar har inda ya samu wasu masu yankan dawa ya bar musu amana, ya ci gaba a ƙafa. Da ya isa cibiyar, maigadi ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ƙofar da aka rufe, ya ce, "Sannu Malam. Ai sun yi nisa. Sai baɗi in da rai."

Talha bakanike ne ya je har gonar da yammacin ranar ya duba gawar. Ya kankare wurin da farce ya sansana ya ce, "Injin ya ƙone ƙurmus, ba ɗigon mai a cikinsa. Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ƙaddara," in ji Malam Ubaidullahi.

"To lallai ƙaddarar nan da sabulun wanki take yawo. Da jiya ka faɗa min, ai liƙi ne kawai."

Kamfani ya cika alkawarinsa. Kujerar ta koma hannun wata Malama Fiddausi, mai satifiket, mai ladabi, wadda gidansu ke bayan ofis, a ƙafa take zuwa. Malam Ubaidullahi ya miƙa mata komai bai ɓoye ko harafi ba. Aikinsa na ƙarshe shi ne cire sunansa daga cikin masu izinin shiga rumbun da ya gina. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Hajiya Ummukulsum ta juya tana kallon taga.

Marigayin ya bar maigidansa, wanda yanzu ke gida. Ya bar uwargida Adawiyya, da tsohuwar da har gobe ba za ta bar Maska ba. Ya bar hular kwano ɗaya da ba a taɓa sawa ba, da makulli biyu, wanda shi kaɗai ne abin da aka tanadar wa madadi. Ya bar ɗorawar kan tudu, da tsofaffin unguwa da yanzu suke tambayar yaushe za a sayi wani. Ya bar tanki cike da mai.

Alhaji Haladu ya riga ya zo gaisuwa. Ya zauna yana kallon tabarma ya ce, "Ashe haka abu ya faru." Aka ce, "Haka Allah ya so, Baba." Ya ce, "Ƙarfe ba shi da tabbas." Washegari ya aiko da buhun masara. Tuwonta ake ci a gidan yanzu, safe da dare.

Za a ɗauko gawar ranar Asabar a amalanken shanu zuwa garejin Talha da ke Funtua, inda za a raba abin da ya rage. Tayoyi da fitila za su tafi ga masu buƙata, sauran kuma 'yan gwangwan za su ɗora a sikeli. Ba za a yi taro a garejin ba. Zaman karɓar gaisuwa yana ƙofar gidan Malam Ubaidullahi a Maska, kowace rana, kowane lokaci, domin ba inda za shi.

Iyalan suna roƙon masu zuwa da su zo da hantsi su koma kafin rana ta yi ja, kuma kada kowa ya tambayi musabbabin rasuwar. Waɗanda za su zo a kan babur, ana shawartarsu da su ajiye shi a bayan gida, nesa da zaure. Alhaji Haladu zai kasance a wurin, kuma akwai sauran masara a gona.