Ɗorawar Gwaggo Dije

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na tashi ƙwace wa tsohuwa bishiya da sunan ilimi ba. Ko a jirgi nake na tuna sai na ji kamar in sauka.

Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karatun lauya, Asabar da Lahadi kuma ina zuwa difilomar kasuwanci. Karatu biyu a kai ɗaya, sai kan ya kumbura. Idan na zo hutu ƙauyenmu, arewa da Ɗambatta, ko gaisuwa aka yi mini sai na amsa kamar ina gaban alƙali. Ina yawo da baƙar jaka a cikin zafin nan (babu komai a cikinta sai biro uku da ƙosai). Mutanen gari suka laƙaba mini Barista, ni kuwa dolo ban gane tsiya suke yi ba.

A tsakiyar gonarmu akwai wata ƙatuwar ɗorawa. Tun ina yaro na san Gwaggo Dije ce ke ɗibar ta duk shekara. Gwaggo Dije ƙanwar kakana ce, mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma da kalwar bishiyar nan take yin daddawar da take ci da ita. Maƙwabcinmu Malam Idi ne ke kaɗo mata da ƙugiya, ita tana tsinta. Idan ta gan ni sai ta ce, "Angona, yaushe za a kawo lefe?"

Wata rana na tsaya a gindin bishiyar, sai karatuna biyu suka haɗa baki suka yaudare ni. Na kasuwanci ya ce: ga kamfani a tsaye, a niƙa daddawa, a zuba a leda mai hoto, a kai manyan kantunan Kano. Na lauya ya ce: ai an koya mana cewa duk abin da ya kafu a ƙasa na mai ƙasar ne, har da Latin na haddace shi. Gona ta Baba ce, saboda haka ɗorawa ta Baba ce. Shi ke nan, na yanke hukunci ni kaɗai, ko Baba ban tambaya ba. (Daga baya na gano an yi lacca guda kan dokar gargajiya da ta warware wannan magana. An mayar da ita Asabar, ni kuma ina can ina koyon yadda ake jawo kwastoma.)

Na hau mota zuwa Ɗambatta, aka buga mini takarda da Turanci, shafi biyu, ana gargaɗin "wata Dije" da ta daina shiga gonar wani cikin kwana bakwai. Na kai mata da hannuna. Ta karɓa da murna, ta shafa, ta ce, "Ma sha Allah, takardar gama makaranta ce?" Na ce ta nemi mai karanta mata. Wallahi haka na ce.

Kwana biyu sai ga ɗan aiken Dagaci, wai ana neman Barista da mahaifinsa bayan la'asar. Baba ya tambaye ni lafiya, na ce ya kwantar da hankalinsa, ƙaramin kes ne.

Muka tarar da ƙofar Dagaci cike, har masu awaki sun ɗaure sun tsaya. Gwaggo tana zaune a gefe da takardata a hannu. Aka ba ni dama, na miƙe, na gyara murya, na yi minti ashirin ina zuba. Na kawo Latin, na fassara da Turanci, sannan na taimaka musu da Hausa. Na rufe da bayanin yadda kamfanina zai fitar da garin daga duhu. Baba dai kansa na ƙasa, ni kuwa na ɗauka alfahari ne ya yi masa nauyi.

Dagaci ya ce, "Barista, maimaita mana dokar, mun tsufa." Na maimaita, har da ɗaga yatsa.

Ya ce, "To madalla. Kai ba a haife ka ba aka raba gadon nan. Kakanka ya ɗauki gona, Dije ta ɗauki bishiya, haka muke yi a nan tun kakanni. Amma tunda ka zo da sabon ilimi, sai mu bi. Malam Idi, tsamiya biyun da ke gonarka na waye?"

"Na baban Barista ne, ranka ya daɗe."

"Ɗorawa ukun da ke gonar Liman fa? Da kukar bayan makabarta?"

Aka amsa baki ɗaya, "Nasa ne!"

Ashe Baba bishiya shida gare shi a gonakin mutane, in aka bi dokata duk sun zama na masu gonakin. Ni da nake shan kunun tsamiyar nan tun ina rarrafe, ban taɓa tambayar a ina take ba. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, ni dai na yarda da lauya!" Wurin ya fashe da dariya, har Liman sai da ya rufe baki da rawani. Baba ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Zauna, don Allah." Na nemi inda zan zauna na rasa, sai na tsuguna.

Da dariya kaɗai aka yi, da na warke tuni. Sai Gwaggo ta ce tana da magana. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, kai shaida ne, shekara biyar ke nan na ce maka ranar da yaron nan ya gama makaranta zan ba shi bishiyar nan, don ba ni da kowa sai shi. Da ya zo ya ce Gwaggo ina so, da a ranar na ba shi." Ta ninke takardata, ta ajiye a gaban Dagaci. "Ku shaida, na ba Idi kyauta, duniya da lahira. Shi bai yi boko ba, amma yana gaishe ni."

Babu wanda ya sake dariya. Ni kuma, da ɗan abin da na karanta, na san kyautar mai hankali, a gaban shaidu, an karɓa, babu kotun da za ta rushe ta. Shi ne kaɗai abin da na gane daidai a ranar.

Baba ya tasa ƙeyata zuwa gidanta, na durƙusa na ba da haƙuri. Ta ce ta yafe, har ta ba ni ruwa. Amma ta kira ni da sunana na yanka, kuma da shi ta ci gaba da kira na har ta rasu.

Yanzu idan sabon ɗalibi ya zo mini yana zumuɗin haɗa lauya da kasuwanci, nakan ce ya haɗa, karatu ne mai kyau. Amma kafin ya rubuta wa kowa takarda, ya fara zuwa gida ya tambayi babansa, ko da kuwa da babban yatsa tsohon yake sa hannu.