Barkonon Gwaggo a Kan Injin Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da lokacin da maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, ina tsaye a tsakiyar kicin da ludayi a hannu, dangin mijina mata shida sun zagaye ni suna kallo. Na yi gyaran murya, bai tafi ba. Na ja numfashi, sai na ji kamar an zuba min garwashi a ƙirji. Sati uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in zan ƙyasta ashana sai na fara buɗe taga.

Bari in fara daga tushe. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, kuma kafin aurenmu an taɓa tura shi kwas ƙasar waje. Can ya ga kicin da aka dasa murhun gas a kan wani teburi a tsakiyar ɗaki, ba a jikin bango ba. Da ya tashi gyara gidanmu na Malali sai ya ce shi ma irin wannan yake so. Aka yi, ya yi kyau. Sai dai murhun ya yi nisa da taga, in na soya albasa ma sai hayaƙi ya bi ni har falo.

Aka kira Malam Sule mai wayarin wuta. Ya zo da hotuna biyu, maigidan ya ce ni zan zaɓa tunda ni ce mai girkin. Na farko injin zuƙar hayaƙi ne mai ƙaton bututu, sai an fasa silin an fitar da shi waje. Na biyu ba bututu, a rataye yake kamar kwalliya, yana ƙyalli. Malam Sule ya fara bayani cewa wannan ba ya fitar da komai waje, tacewa kawai yake ya dawo da iskar cikin ɗaki, kuma girkinmu na daddawa da manja ya fi ƙarfinsa. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa na yi darasin girki shekara uku a sakandare, na san abin da nake yi (abin da muka dafa a shekara ukun nan bai wuce kek da dafaffen ƙwai ba). Gaskiyar magana, silin ɗina nake jin tausayi. Aka rataya na biyun a saman murhu.

Gwaggo Asabe, wadda ta riƙe maigidan tun yana yaro, ta zo daga Kurmin Mashi ta ga injin. Ta zagaya shi sau biyu, ta tambaya ta ina hayaƙin zai fita. Na ce ai ba ya fita, injin ne ke shanye shi. Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya ba shi cikin ɗauka."

Wannan maganar ta tsaya min a rai. Na ƙudurta ba zan kunna injin ba sai ranar da dangi za su zo cin abinci, in kunna a gabanta ta gani da idonta.

A tsakanin nan Gwaggo ta aiko min da dakakken barkono, irin wanda in an buɗe a ɗaki sai na tsakar gida ya yi atishawa. Damina ce, ya fara yin danshi. Na duba ko'ina, sai na ga ai saman injin a shimfiɗe yake, ga ɗumi yana tasowa daga murhu. Na hau kujera, na baza takarda a kan wasu 'yan ramuka da na ɗauka ado ne, na shanya barkonon. Na sauko ina yaba wa kaina. Daga nan na manta da shi sam.

Ranar ta zo. Miyar kuka na tafasa, na tara su a kicin, na danna maɓalli. Injin ya ɗauki gurnani, 'yan mata suka ce kai, Amarya an waye. Nan maƙogwarona ya fara. Sai idona ya kawo ruwa. Ƙanwar maigidan ta yi tari, ta kusa da ita ta karɓa. Ni da nake ganin hayaƙi ne ya yi yawa, sai na ƙara wa injin ƙarfi har ƙarshe.

A lokacin ne na tuna malamarmu ta girki. Ta taɓa ce mana gas in yana yoyo ba ya sallama: ƙirji zai fara kamawa, sai ido, daga nan sai dai a ɗauki mutum. Ƙirji ya kama, ido ya kama. Saura ɗauka.

Na yar da ludayin na ce, "Gas ne, mun mutu!" Na ture surukaina biyu, na fita titi ba takalmi ba mayafi. Murhun da nake cewa zai kashe mu kuwa a kunne na bar musu shi. Gwaggo ce ta tsaya ta kashe shi, ta kashe injin, ta buɗe taga. An ce tana ta faɗin wata magana tsakanin atishawa, amma ihuna bai bar kowa ya ji ba.

Maigidan ya sa ni a mota, Gwaggo ta shiga baya. Daga Malali zuwa wani ƙaramin asibiti a Badarawa na yi kalmar shahada ban san adadi ba, na roƙi gafarar kowa, har na yi wasiyya a ba ƙanwata keken ɗinkina. Amma abin da ya fi tsorata ni ba wanda ya sani sai maigidan: ina da ciki wata uku. Cikin fari, wanda ko mahaifiyata na kasa buɗe baki in gaya mata.

Nas ɗin wata dattijuwa ce mai babbar murya. Na jawo ta kusa na raɗa mata a kunne, na roƙe ta ta rufa min asiri. Ta auna ni, ta saurari ƙirjina, ta haska idona. Sai ta tsaya tana duban girata. Kafin ta yi magana Gwaggo ta matso, ta shafi goshina da yatsa, ta ɗora a harshe.

"Barkonona ne," in ji ta. "Na gane dakana. Tun a kicin nake faɗa."

Ana kiran sallar la'asar a masallacin da ke bayan asibitin nas ta rufe katina. Ta ce in je in wanke fuska da ruwan sanyi in sha madara. Sannan ta ɗaga wannan muryar tata, yadda har masu jiran layi suka juyo, ta ce, "Kwantar da hankalinki 'yata, ba abin da ya same ki. Ke da abin da ke cikinki lafiya lau kuke."

Maigidan ya shiga karanta wata takarda da ke manne a bango. Ni kuwa na nemi mayafin da zan rufe fuska, na tuna yana Malali. Gwaggo ta cire nata ta yafa min, tana dariya tana atishawa, ta ce gobe a kira Malam Sule ya fasa silin, ba za a shaƙe mata jika ba.

Abin da na koya shi ne, in mai aiki yana bayani a bar shi ya kai ƙarshe. Kuma duk abin da ya zuƙa ta ƙasa, a tambaya ta ina yake fitarwa kafin a yi shanya a kansa.