Akurkin da Ba Shi da Rufi

Damo ne ya miƙa akurkin, da hannunsa, kuma ya san ba shi da rufi. Duk wanda ya ce muku kuskure ne, ƙarya yake.

A Dajin Kwangi, a rumbu ɗaya ake ajiye kayan aikin kowa, Damo ke tsaronsa. Dokar rumbu ita ce kaya ɗaya, suna ɗaya: ka kira suna, a ba ka abin da ke ɗauke da shi. Tun kaka da kakanni, akurki shi ne abin da zabi ke kife 'ya'yansu da shi. Sai Shaho ya saƙa nasa, buɗaɗɗe ta sama, ya kawo rumbu, wai shi ma akurki ne sunansa. Majalisa ta yanke cewa gajeren suna na babban gida ne, wato gidan Shaho. Na zabi aka liƙa masa jela, ya koma "akurki-tsoho-na-'yan-ƙasa". Ba wanda ya je ya gaya wa zabi.

Da Inna Zabuwa ta zo da safe ta ce, "Malam Damo, a ba ni akurki," tsohon akurkin na nan bayansa, har wutsiyarsa na taɓa shi. Ya buɗe baki, ya tuna Shaho ne ya sa aka ba shi tsaron rumbu, ya rufe, ya miƙa mata na Shaho. Ta kife 'ya'yanta da shi; kafin azahar Shaho bai bar mata ɗa ko ɗaya ba.

Ranar zaman majalisa, Kura mai riƙe da doka ta gyara murya. "Ranku ya daɗe, mun bincika. Suna aka kira, suna aka bayar. Tsari bai yi kuskure ba. Shawararmu, ƙananan gidaje su riƙa haddace sunaye."

Shaho ya yi ta'aziyya, har da ƙwalla.

"Ni ban san tsari ba, ban yi karatu ba," in ji Zabuwa. "Damo, dube ni. Shekara nawa kana miƙo mini abin nan? Ka san wanda nake nufi, ko ba ka sani ba?"

Damo ya kafa wa ƙasa ido. Harshensa ya fito, ya koma.

"An tashi," in ji Kura.

Zabuwa ta je ta zauna daram a bakin ƙofa. "Ba inda za ku. Akwai wanda ya ƙwace sunan, akwai wanda ya miƙa, akwai wanda ya ci. Ɗaya daga cikinku ya miƙe ya ɗauki alhakin 'ya'yana."