Ranar da Tumatir Ya Tona Mini Asiri a Njuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tumatir ya kwance mini zani a kasuwa ba, ni da nake taƙama da difilomar aikin gona a Jimeta kamar ni na ƙirƙiro taki.

A shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola gudun hijira, wata dattijuwa, Dada Hauwa, ta sauka gidan maƙwabcina da jikokinta uku. Da na ji manomiya ce, sai na yanka mata fangali huɗu a lambuna na bakin tafkin Njuwa, ta samu na ciyar da su. Abin da ta tsira da shi daga gida shi ne kayan jikinta da ƙullin irin tumatir a bakin zani, wai tun na uwarta. Ta ce 'ya'yansa matsakaita ne masu kaurin fata. Na yi dariya (Allah ya yafe mini).

Ni kuwa ranin da ya gabata irin kamfani na shuka, mai zuwa a gwangwani, ya ba ni manya jajaye masu sheƙi. Na zaɓi waɗanda suka fi girma, na matse, na shanya irin. An koya mana a makaranta cewa irin da kamfani ya haɗa ba a ajiye 'ya'yansa, domin ba sa biyo iyayensu, amma da alama ranar barci nake yi. Na matsa wa Dada ta shuka nawa a fangalinta duka. Baƙuwa ce, ba ta yi musu ba. Ta dai roƙi layi ɗaya a gefen hanyar ruwa ta zuba nata.

Tun tumatir yana fure na gayyaci 'yan ƙungiyarmu ta noman rani su zo su ga "irin Malam". Da 'ya'ya suka fara fitowa na ga alamar ba lafiya. Na ƙara taki, na ƙara addu'a, amma girman kai ya hana ni ɗage ranar.

Suka zo. Kowane tushe da halinsa: wannan ƙanana kamar gauta, wancan ya tsattsage, wani ganyensa ya yi yaushi saboda zafi. Shugabanmu, Bappa Sale, ya tsinki ɗaya ya ɗan matsa, ruwan ya fallatsa masa a farar riga. Sai suka hango layin gefe, kore shar, 'ya'yansa kai ɗaya, suka nufi can suna yaba mini. Ni kuma na karɓi yabon, har da gyara hula. Bappa ya tambaye ni amfanin tsummokaran da aka ɗaɗɗaura wa wasu tushen, na buɗe baki na ce ai na korar tsuntsaye ne.

Ashe Dada tana bayana da gwangwanin ban ruwa.

"A'a Malam, ba na tsuntsu ba ne," in ji ta. "Wanda na ɗaura ma tsumma shi ne uwa, shi zan cire iri. Rana bai kwantar da shi ba, ya haihu da wuri, bai tsage ba, cikinsa nama ne ba ruwa ba, ya kwana huɗu a kwando bai ruɓe ba. Ba a zaɓan ɗa ɗaya don ya yi ƙato. Uwan duka ake dubawa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi dariyarsu yi mini ciwo shi ne fangalinta huɗu da suka tafi a banza saboda bakina. Na sakar mata albasata ta wannan ranin gaba ɗaya, kuma na koma ɗalibinta.

Kafin ta koma gida ta raba irin biyu ta ba ni rabi. Tun daga lokacin nake bin tushe ɗaya-ɗaya ina zaɓe yadda ta koya mini, ina shuka shi nesa da na maƙwabta don kada ya gauraya. Yau dillalan kasuwar Jimeta sun san kwandona, manoman Mbamba kuma har gida suke biyo ni neman iri. Wallahi ina alfahari da wannan fiye da takardar da ke rataye a falona.

Sai dai yanzu in aka tambaye ni abin da ban sani ba a cikin jama'a, nakan fara waiwayawa in ga wa ke tsaye a bayana.