Hular da Ba Hula Ba

Na daɗe ina ɗinkin tufafin mutanen dā a Kaura Namoda, har na kai matsayin da ba na tambayar kowa komai. Shi ya sa da za a buɗe wani ɗan ɗakin tarihi a Zurmi, aka ce a gwada ni a aikin yi wa baƙi bayani, ko ɗar ban ji ba.

Cikin kayan da wani gida na Birnin Tsaba ya bayar akwai wata 'yar saƙar fata mai igiya biyu. Kallo ɗaya na yi mata na yanke hukunci: hular mayaƙa ce, wadda ake sawa ƙarƙashin kwalkwali. Ranar buɗewa na kifa ta a kaina, na ɗaure igiyar a haɓa, na yi ta zuba bayani kan jaruntakar kakanninmu. Malaman makaranta har rubutawa suke yi.

Wani dattijo daga Jangeru ya daɗe yana kallona da tausayi, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Wanga takunkumin raƙumi na. Ga baki aka ɗaura mai shi, don kar ya ciji mutane."

Ba wanda ya yi dariya. Na kwance igiyar daga haɓa, na sauke abin daga kaina. An dai bar mini aikin. Amma har yau in na cika surutu a gida, sai maiɗakina ta ce cikin ladabi, "Malam, in ɗauko maka hularka?"