Mota da Sabbin Ƙafafu, Uwa da Tsofaffi

A'a, Auta, kada ka sake ce min nauyina ne. Jikin nan da kake gani, da shi na shiga motar nan bara, ko tari ba ta yi ba. Tsaya in gaya wa mutane yadda aka yi, su raba mu.

Jama'a, autana yana da mota. Da can mota ce ta mutunci, ta kai ni asibiti wajen likitan gwiwa, ta dawo da ni. Rannan ya kai ta gareji, ta dawo a durƙushe. Na ce hatsari ka yi? Ya ce a'a, saukar da ita aka yi, shi ake yayi. Wato biya ya yi aka rage mata tsayi. Ni da tsufa ya durƙusar da ni kyauta.

Sai kuma ya ce tsofaffin ƙafafunta ba su dace da ita ba, zai saya mata sabbi. Da na ji an ce ƙafa, na ce a haɗa da ni, biyu kawai nake so. Ya tafi da ni shagon mai rim, wato ƙarfen nan da ake ɗaura wa taya. Mai shago ya jera su kamar farantai. Ya ce wannan shi ne daidai da motarka. Wancan kuma ya fi girma, ya fi faɗi, zai leƙo waje, kuma tunda motar ta yi ƙasa zai riƙa gogar jikin motar, wato bodi. Auta bai ji ƙarshen maganar ba, ƙyalli ya toshe masa kunne, babban ya saya. Tayar da aka ɗaura masa kuwa, ƙasan silifas ɗina ya fi ta kauri.

To da muna da titi, da ban ce komai ba. Muna da shi, amma a baki. Mai girma Za-A-Duba ya zo unguwarmu da kansa, ya tsaya a bakin ramin da ya fi kowanne girma, ya ce kafin damina ta wuce titin nan zai zama kamar madubi. Allah ya saka masa, bai yi ƙarya ba. Damina ta zo, ruwa ya cika ramukan, har ɗankwali nake gyarawa a ciki.

Bayan shi sai ƙaninsa a aiki, ranka ya daɗe An-Kusa, ya turo ma'aikata. Muka yi ta murna. Rami ko ɗaya ba su cike ba. Tudun rage gudu suka gina tsakanin rami da rami, kada wani mai ganganci ya wuce rami bai gaisa da shi ba. Su manyan, nasu motocin don tsayi sai an tattare riga ake hawa, ba su ma san da tudu a wurin ba.

Yanzu ga yadda zuwa asibiti ya koma. Mu iso tudu, cikin mota ya karci ƙasa, taya ta ci bodi, ƙaurin roba ya tashi. Auta ya juyo: "Inna, ɗan sauka in haye." In sauka, in dogara sanda, in haye da ƙafa, shi kuma ya karkace motar yana lallaɓawa kamar mai satar shiga gida. In koma ciki, kafin in gyara zama ga wani tudun. Likita ya ce gwiwar ta ƙara kumbura, ko ina yawan tafiya ne? Na ce a'a likita, a mota nake zuwa.

Mai facin taya na bakin layinmu, wanda tun da aka sa rim ɗin nan yake gaishe ni har da durƙuso, ya ce, "Iya, ɗanki ɗan albarka ne. Shi da masu ramukan nan, kullum suna cikin addu'ata."

Na ce, "Ai dole, tunda su ke riƙe maka gida."

Jiya rim ɗin gaba ya lanƙwashe a ramin madubi. Bakanike ya leƙa ƙasa ya ce abu biyu ne: ko a mayar da ƙananan ƙafafun masu taya mai kauri, ko a rage wa mota kaya. Auta ya dubi rim ɗinsa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juyo ya dube ni. Nan rigimar ta samo asali. Wai in riƙa hawa babur ɗin haya zuwa asibiti, da wannan gwiwar, har a gyara titi. Wato har Za-A-Duba ya duba.

To Auta, tunda ka ce in faɗi magana ɗaya in yi shiru, ga ta. Wata tara na ɗauke ka a kan ƙafafun nan biyu, babu rim, babu shokozoba mai tare jijjiga, titin ma a lokacin ko alkawarinsa ba a yi ba. Ka yi nauyi, ka yi shuri, gwiwar nan da ake kai wa likita a kanka ta fara. Ko sau ɗaya na taɓa tsayawa a bakin tudu na ce maka ɗan sauka in haye?