Ma'ajiyar da Na Sa a Ambulan

'Yata Rahila ta haɗa mini 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, ta jona mata ma'ajiyar bayanai mai sauri ɗauke da hotunan marigayiya mahaifiyarta. Ni kuwa, tsohon hedimasta, ba na jure ganin abu yana reto a jikin wayar lantarki. Na cire ma'ajiyar, na sa a ambulan, na adana a durowa.

Da na kunna kwamfutar, ban ga fuskar matata ba. Na garzaya wurin mai gyara a Sabon Gari, ina zuba masa huɗuba kan sakacin 'yan zamani.

"Baba, ina ma'ajiyar?" in ji shi.

Har yau, in Rahila za ta tafi, sai ta ce, "Baba, firjin ma yana da waya. A yi masa afuwa."